Turaren Hajja Hamdiyya

A unguwar Gardole ta Njamena, in ka tambayi gidan Malam Salihu tela, sai an ɗan yi tunani kafin a nuna maka. Amma ka ce gidan su 'yar tari, nan take za a miƙa maka hannu.

Ba a gabanta ake faɗin sunan ba. A gabanta Nuriyya ce, ko Madam, yadda ake kiranta a asibiti. Matan unguwa sun ce ba a taɓa jin muryarta ta haura katanga ba. Sun ce da girmanta ta shiga lekol, wato makarantar boko, ta zauna aji ɗaya da ƙannen bayanta ba ta ji kunya ba, har ta fito ma'aikaciyar jinya. Mai shayin bakin layinsu kuwa cewa yake in kana magana da ita ba bakinka take kallo ba, ƙirjinka take saurare. Shi da kansa ta taɓa katse shi yana tsaka da ba ta labari, ta ce ya rage zama a kan garwashi, numfashinsa ya fara feɗuwa.

Iyakar yabon ke nan. A sashen masu ciwon ƙirji take aiki, inda ake kwantar da masu asma da masu tarin fuka, mutanen unguwa kuwa ba su raba ɗaya da ɗaya ba, tari dai tari ne. Matar da mijinta ya kwana yana tari, ita ce za ta biyo ta ƙofar baya da sassafe tana roƙon Nuriyya ta zo ta duba shi. In an haɗu a gidan suna kuma, ita ce dai za ta ware mata kofi.

Nuriyya ta san da wannan, ta kuma saba. Abin da ba ta saba da shi ba shi ne tsoron da ya zauna mata a ƙirji tun ranar da mahaifinta ya kira ta shagonsa.

Malam Salihu ya ajiye almakashi, ya yi magana yana kallon yadin da ke gabansa. Ya ce bai taɓa yi wa 'yarsa dole ba, ba kuma a kanta zai fara ba. Amma mutum ya shekara ya sake shekara yana zuwa zance, babu babba ko ɗaya daga gidansu da ya tako zauren nan, wannan ba neman aure ba ne. Ga Alhaji Falalu, ɗan kasuwar Kano mai kawo atamfa, ya aiko ya sake aikowa. In Juma'ar nan ta wuce manyan Zulkiflu, mai zuwa zancen, ba su zo ba, to ƙofar gidan ta rufe gare shi har abada. Ta auri Falalu ko ta ƙi, wannan ruwanta.

Ba ta ƙi jinin Falalu ba. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, ba ya zuwa sai da kilishi da katan ɗin lemo. Sai dai tun daga dakalin ƙofa take jin hakinsa. Ta taɓa ba shi shawara ya riƙa takawa da safe, ya rage naman rago, sai ya shafa tumbinsa yana dariya ya ce wanda Allah ya ba mota ya koma tafiya a ƙasa ai butulci ya yi. Ita ma ta yi dariya. Zuciyarta dai ba a wurin take ba.

A kan gadon asibiti ta fara ganin Zulkiflu, wata bazara, leɓɓansa sun yi toka-toka. Ita ta zauna kusa da shi tana koya masa yadda zai ja iska ta hanci ya sake ta a hankali ta baki, kamar mai hura shayi. Da ya samu kansa ta yi masa tambayoyin da take yi wa kowa. Taba? A'a. Girki da itace? A'a. Sai ya yi wani murmushi na gajiya, ya ce shi ɗan Hajja Hamdiyya ne ta unguwar Ridina.

Bai buƙaci ƙarin bayani ba. Babu amaryar da ake ji da ita a Njamena da ba a sayo mata turaren wuta da humra daga hannun Hajja Hamdiyya ba, har Maiduguri da Kano ake aika mata saƙo. Da wannan sana'a ta raini ɗanta tilo bayan rasuwar mahaifinsa. Ranar suyar turare kuwa, in an zuba icen sandal da sukari a tukunya, hayaƙin har layi na gaba yake kaiwa.

Nuriyya ta gaya masa gaskiya: ko ya bar gidan hayaƙi, ko wata rana a kawo shi a makare.

Ya kama ɗaki a unguwar Butalbagar, ya ce wa mahaifiyarsa ya fi kusa da shagonsa na kayan sola. Kwanciyar asibitin ma ce mata ya yi zazzaɓi ne. Daga nan ya bi shawarar Nuriyya sau da ƙafa. Bayan sallar asuba ya taka har rana ta fito, ya rage mai da sukari, ya koma kifi da ganye. Teɓarsa ta zube, numfashinsa ya buɗe, ya fara barci kamar kowa. Ko'ina zai je yana tare da 'yar kwalbar maganin shaƙa da suke kira famfo, a ɓoye a aljihun mota.

Ita kuwa Hajja wani abu daban ta gani. Ɗanta ya haɗu da 'yar tari, ya bar gida, ya rame, in an sa masa abinci sai ya riƙa ture man miya gefe. Kuma duk ranar da ta gan shi tari yake yi. Ba ta taɓa ganinsa a inda ba ya tari ba, don ba ta taɓa ganinsa a wani wuri ba sai a gidanta. A Ridina kuwa namiji ba ya ramewa don lafiya. Ta yi rantsuwa cewa yarinyar ta shafa masa tarin fuka, kuma muddin tana raye babu kawun Zulkiflu da zai taka Gardole.

Ranar Litinin bayan la'asar ya zo zance. Nuriyya ta gaya masa maganar mahaifinta, ta yi ƙoƙarin riƙe hawayenta ta kasa.

"Zulkiflu, magana ɗaya ce. Ka ce mata asma ce, ba a ɗaukarta a wurin kowa. Ka bar ni in kawo mata likita ya yi mata bayani."

Ya ce ita ba ta san Hajja ba. In aka ce mata asma, sai ta tambayi abin da ke tayar da ita, ba kuma za ta bar maganar ba sai ta ji ƙarshenta.

"So kike in dubi matar da ta ƙona hannuwanta a bakin tukunya ta yi mini makaranta, in ce mata hayaƙinki ne yake kashe ni? Nuri, in ta daina suya me ya rage mata? Ba abincinta kaɗai ba ne, sunanta ne."

"Ni kuma fa? Juma'a saura ƙiris."

Can ya ce zai sake roƙon kawunsa, ta ƙara masa haƙuri. Sannan ya tuna mata alkawarin da ta yi masa tun yana kan gado, cewa maganar ba za ta fito daga bakinta ba. Ta gyaɗa kai. Da ya tafi ta daɗe zaune a zauren.

Goggo Lami ce ta zo da dabara. Ƙanwar Malam Salihu ce, wadda a bayan idonta ake kira rediyon Gardole. Ta ce a wani biki ta ji da kunnenta Hajja Hamdiyya tana cewa yarinyar ko daga nesa warin asibiti take yi. Ta ce matar nan da hanci take yanke hukunci, saboda haka ta hanci za a kama ta. Har ta riga ta aiki maƙwabciyarta Ridina ta sayo turaren Hajjar da kansa, mafi tsadar, da kwalbar humra. Ranar Laraba za su je gaisuwa, Nuriyya ta shiga gidan da ƙamshi irin na 'ya'yan mutunci.

Nuriyya ta dubi kwalaben. Ita da kullum take roƙon matan marasa lafiya su fitar da kasko daga ɗaki. Amma Zulkiflu ya ce mata ranar Laraba zai ƙetare gada zuwa garin Kusri ɗauko kaya, sai yamma liƙis zai dawo. Ta lissafa a ranta: za ta je, ta gaishe ta, ta dawo ta wanke jikinta da gashinta kafin su haɗu. Ta gaya masa a waya za ta je gaida mahaifiyarsa. Maganar turaren ce ba ta gaya masa ba.

Goggo ta kifa kabbasa a kan kasko, ta shimfiɗa lafayar da Nuriyya za ta sa a kai, ta yi ta juya ta har hayaƙin ya kama kowane zare. Ta warware mata kitso ta turara gashin, ta mulke mata wuya da hannuwa da humra. Tana yi tana cewa ai don ba amarya ba ce tukuna, da ta zaunar da ita a kan ramin dukhan, na turara amare, sai ta yi jawur.

Bayan azahar suka fito neman kilando, wato babur ɗin haya. Motar Zulkiflu na tsaye a ƙofar gida.

Ya ce tun da safe ya ɗauko kayan ya juyo, hankalinsa ya ƙi kwanciya, ba zai bar ta ta shiga gidan nan ita kaɗai ba. Yana magana yana matsowa, sai ta ga ya tsaya cak. Ƙamshin ya isa gare shi. Ya dube ta, ta dube shi.

Ta ce su za su hau kilando, ya wuce kawai. Goggo ta ce wane irin kilando ga mota, a wannan ranar da take narka mutum, ta buɗe ƙofa ta shige. Malam Salihu kuma yana bakin shago yana kallonsu. Zulkiflu ya ce da ita a hankali ba komai, tafiyar ba nisa.

Tana shiga ta sauke gilashi. Goggo ta miƙa hannu ta ɗage shi, ta ce so take iska ta kwashe wahalar da ta sha? A kunna sanyin mota.

Ba su kai babban titi ba ta fara jinsa. Wata siririyar feɗuwa a ƙarshen kowane numfashi, wadda babu mai ji sai wanda ya yi shekaru yana sauraronta. Ta kalli aljihun motar, ta kalle shi ta madubi. Ya girgiza kai kaɗan, ya nuna Goggo da ido. In Goggo ta ga famfon nan, kafin magariba labarin ya isa Ridina.

Nuriyya ta sake sauke gilashin, wannan karon ta riƙe maɓallin da hannunta. Goggo ta yi ta mita har suka iso.

Hajja Hamdiyya doguwa ce, baƙa, mai tabon ƙuna a bayan hannuwanta. Ta amsa gaisuwar Goggo da sakin fuska, ta Nuriyya kuwa da ka. Hancinta ya ɗan motsa sa'ad da Nuriyya ta durƙusa. Aka kawo karkanji mai sanyi, wato zoɓo, a kofunan gilashi. Na Nuriyya a kofin roba ya zo, aka ajiye shi can gefen tabarma.

Zulkiflu ya so tsayawa a zaure kamar yadda ya saba, Hajja ta ce yau da baƙi ma sai ya yi mata wannan halin? Ya shigo ya zauna bakin ƙofa. Ta ƙare masa kallo, ta ce wa Goggo ta dubi wuyan yaron nan, da can sai an buɗa masa riga, yanzu kamar an rataya ta a ƙusa. Ba ta kalli Nuriyya ba sa'ad da take faɗa.

Sannan ta yi abin da kowace mai gida take yi wa baƙon da take girmamawa. Ta jawo kasko, ta hura garwashin, ta zuba turare cike da hannu. Ta zagaya da shi gaban Goggo, ta tsallake Nuriyya, ta je ta ɗaga bakin rigar ɗanta ta tura kaskon ƙarƙashi, tana cewa bari ta kore masa warin Butalbagar.

Bai janye ba. Uwarsa ce.

Nuriyya ta ga kafaɗunsa sun ɗaga, ta ga ramin wuyansa yana lotsawa da kowane jan iska. Tarin ya zo, ya zo, sannan ya tsaya. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, bakinsa a buɗe.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta fizge kaskon ta yi jifa da shi tsakar gida, ya tarwatse, ta ɗauki butar alwala ta sheƙa wa garwashin ruwa. Ta ji Hajja tana salati, tana tambayar Goggo ko mahaukaciya ta kawo mata gida. Ba ta waiwaya ba. Ta ciccibi Zulkiflu ta ja shi har waje, ta jingina shi da katanga a zaune, ta ɗauko famfon daga mota. Hannunsa ba ya iya riƙewa, numfashinsa ba ya iya ja. Ta zubar da ruwan wata gorar roba, ta huda gindinta da makullin motar, ta cusa bakin famfon, ta sa masa bakin gorar a nasa tana matsawa tana ce masa ya ja, ya ja.

Sai ta lura duk sa'ad da ta sunkuyo kansa yana kau da fuska. Ita ce hayaƙin.

A tsakiyar layin Ridina, gaban mazan da suka taru, ta warware lafayar ta yar a ƙasa, ta tsaya daga ita sai doguwar riga da ɗankwali.

Wani maƙwabci, Idi, ya karɓi makullin ya ja motar. Gilasai duk a sauke. Hajja na gaba tana kuka tana cewa an kashe mata ɗa. Nuriyya ta kara kunnenta a bayansa, abin da ta fi tsoro a duniya ta ji: ba ta ji komai ba. Mutane suna tsoron ƙirjin da ke feɗuwa. Ita ta san mai feɗuwa iska na wucewa. Mai ƙirjin da ya yi tsit shi ne wanda ta sha rufe wa fuska da mayafi.

A ƙofar urjans, sashen gaggawa, abokan aikinta suka karɓe shi. Ta bi gadon da gudu, Zahra, wadda suke aiki tare, ta tare ta da hannu.

"Ya akti, 'yar uwata, ke ma kin sani. Da wannan ƙamshin ba za ki shiga ba."

Ta je famfon ruwa na tsakar asibiti ta wanke wuya da hannuwa da sabulu har fatar ta yi zafi. Humrar Hajja ba ta fita da wanki ɗaya, shi ya sa ake sayenta. Ta dawo, Zahra ta sunsuna ta, ta girgiza kai. Hajja ta taso za ta shiga, ita ma aka ce ta tsaya, likita ya ce duk mai ƙamshin turare kada ya matso. Ta ce ita ce ta haife shi. Aka ba ta haƙuri aka rufe ƙofa.

Suka zauna a benci ɗaya, kowa da nata ƙarshen.

Goggo Lami ta koma gefe da waya, ta dawo. Ta ce labari ya riga su isa Gardole, an gaya wa Malam 'yarsa ta fasa kaskon mutane ta tuɓe lafaya a titi. Ya ce ba sai an jira Juma'a ba, ta dawo gida, magana ta ƙare. Nuriyya ta ce ba inda za ta sai ta ji numfashinsa. Goggo ta cire gyalenta ta yafa mata, ta tafi ba ta ƙara ko kalma ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Rana ta karkata. Ta tagar ɗakin suna hango shi a zaune, an sa masa abin rufe hanci da baki, wani farin tururi na fita ta gefe. Nuriyya ba fuskarsa take kallo ba, kafaɗunsa take kallo. Ta tuna wani dattijo mai gasa nama da ya rasu a wannan gadon, da wata mai ƙosai da ta ce mata in ta bar bakin wuta me 'ya'yanta za su ci. Kullum ita ce mai cewa a bar hayaƙi. Yau ga shi ta ɗauko shi a jikinta ta kai masa har cikin mota, don a so ta.

Hajja ce ta fara magana, ba tare da ta juyo ba. Ta ce ga shi su ma hayaƙi suke yi masa, ita ce aka hana. Ta ce da zarar ya iya tsayuwa za ta ɗauke ɗanta ta mai da shi Ridina, ɗakinsa na nan. Za ta rufe ƙofa da taga, ta lulluɓe shi da bargo, ta turara shi da habbatus sauda da tazargade safe da yamma, yadda ta riƙa yi masa yana yaro, har ciwon da aka shafa masa ya fita.

Nuriyya ta san Zulkiflu. In uwarsa ta ce ya shiga bargon, zai shiga.

Ta sauko daga bencin ta durƙusa a gabanta.

"Hajja, na yi masa alkawari ba zan faɗa ba. Zan karya, ko da ba zai sake kallona ba. In kika sa shi a bargon nan, gawarsa za ki buɗe."

Hajja ta zuba mata ido.

"Ba tarin fuka ba ne. An gwada shi tun bara waccan, babu. Asma ce, tun yarintarsa yake da ita, ba a wurin kowa ya ɗauka ba. Hayaƙi ne yake tayar masa. Kwanciyar da ya ce miki zazzaɓi ne, a wannan ɗakin ya yi ta, washegarin wata suya. Ni na ce ya bar gidan. Ramar da kike gani ba ciwo ba ce, tafiya yake yi kullum da asuba, ni na ce ya rage mai. A Butalbagar ba ya tari, Hajja. Wallahi ba ya tari."

"Ƙarya kike."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Sannan ta tambaya:

"Me ya hana shi gaya mini?"

"Ya ce da tukunyar nan kika raine shi. Ya ce gara ya yi ta tari da ya sa ki ji kunyar hannunki."

Hajja ta dubi bayan hannuwanta. Ta daɗe tana dubansu. Can ta fara magana, kamar da kanta take yi. Ta ce shekarar da aka kai shi wurin kawunsa a ƙauye ya yi damina guda, ko tari ɗaya bai yi ba, ta ce ruwan can ne ya karɓe shi. Ta ce duk ranar suya sai ya ce yana da karatu a gidan aboki, ita kuma tana yi masa faɗan yawo. In ya dawo yana tari sai ta ƙara masa hayaƙi.

Sannan ta kamo hannun Nuriyya, ta kai wuyan hannun hancinta.

"Wannan haɗina ne. Tun da kika durƙusa na ji shi. Ke da kika san abin da yake yi masa, me ya kai ki?"

"An ce kin ce ina warin asibiti."

Hajja ta saki hannun a hankali.

Ƙofa ta buɗe. Nuriyya ta kasa kallon fuskar Zahra, sai ƙafafunta ta kalla. Zahra ta ce ƙirjin ya buɗe, feɗuwar ta dawo, har ya yi magana. Zai kwana biyu a nan. Ya tambayi Hajja, ya tambayi Nuri, an ce masa su biyun suna waje, ƙamshi ya hana su shiga, ya rufe ido. Ta miƙa wa Nuriyya gorar ruwa ta koma.

Nuriyya ta sha, ruwan na zuba a gyalen Goggo. Za ta ajiye, Hajja ta miƙo hannu. Nuriyya ta ce bari ta nemo mata wata. Hajja ta karɓi gorar, ta kafa baki daidai inda Nuriyya ta sha, ta shanye sauran.

Ta ce gobe da safe kawun Zulkiflu zai je Gardole, in Malam Salihu ya ƙi saurarensa ita da kanta za ta je ta zauna a zauren har ya fito. Ko zai haƙura, wannan ba ta sani ba. Shi ma ɗan nata da ke ciki, ba ta san da wane ido za ta dube shi ba.

Masu jinya sun fara shimfiɗa tabarmi a barandar, wasu matan Ridina da suka biyo bayansu suna tsaye nesa kaɗan suna kallo. Hajja ta gan su sarai. Ba ta rage murya ba. Ta sauko daga bencin da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta zauna a ƙasa daidai da Nuriyya, ta riƙe fuskarta da hannuwan nan masu tabo.

"Na ɓata miki suna a gari, na ware miki kofi a gidana, alhali ke kike riƙe mini da ran ɗana. Nuriyya, 'yata, na zalunce ki. Don girman Allah ki yafe mini."